Sukurun Gas na Halvorsen

Harsashi na uku ne ya maƙale. Wendell Pruitt ya ja sakatar bindigar da hannu, kwanson ya faɗo kan tebur, ya waiga da sauri ko wani ya gani. Filin harbin babu kowa sai wata tsohuwa a teburin gefe, ta rungume koren filas na kofi, ko bindiga ba ta zo da ita ba.

Ƙarfe biyu na rana zai gana da R. J. Halvorsen, mai ƙera sukurun gas ɗin da rabin maharban wannan yanki na Montana ke ɗaura wa bindigoginsu. Ma'aikaci ɗaya ake nema a shagon Halvorsen, kuma sharaɗin shi ne kowa ya zo da bindigar da ya saita da hannunsa. Wata bakwai ke nan da rufe kamfanin katakon da yake wa aiki, Wendell na zaune a gida. Abin takaicin, ya riga ya ce wa matarsa Darlene aikin ya zama nasa, ita kuma ta baza wa 'yan cocinsu.

Irin wannan bindiga da gas ɗin harbinta take aiki: shi ke tura sakata baya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani harsashin. Da ka sa mata salansa, abin rage ƙarar harbi, sai gas ya yi yawa, ta dinga dukan kafaɗa tana fesa maka hayaƙi a ido, dole ka murɗa sukurun ka rage. Wendell ya rage, ya yi ta ragewa har ta koma laushi lukwi, kuma babu wanda bai yi wa kuri da ita ba. To yau ga ta nan ta ƙi.

Tsohuwar ta tambaye shi yaushe ya saita ta. Ya ce a watan Agusta, ko kallonta bai yi ba. Ta ce ai yanzu Nuwamba, sanyi ya sa man bindigar ya yi kauri, ya ɗan buɗe mata gas.

"Iya, sha kofinki," in ji shi. "Ni da Halvorsen shekara goma muke abota. Shi da kansa ya koya min."

Ta ce ashe, yaya mutumin yake? Bakin Wendell kuwa ba ya da birki. Ya ce ƙato ne mai gemu, ga zafin rai. Ya ƙara da cewa sukurun nasa ma ba kowanne ke fita da kyau ba, ya sha gaya masa ido da ido. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta kurɓi kofi.

Ya canja gidan harsashi, ta maƙale. Ya kwance ta ya goge, ta sake maƙalewa. Ƙarfe ɗaya saura kwata, gumi na tsatsafo masa duk da sanyin nan, ya tuna Darlene tana goge masa riga da asuba tana 'yar waƙa. Wallahi ji ya yi kamar ya kwanta ƙarƙashin teburin.

Tsohuwar ta taso, ta zaro wani siririn makulli daga aljihu, duk ya goge don tsufa, ya shige kan sukurun cif. Yatsunta duk tabon ƙuna. Ta murɗa, ƙas, ƙas, sau biyu kacal.

"Harba, ɗana."

Ya harba goma a jere. Kwansunan suka zube wuri ɗaya, sakata ta tsaya a buɗe bayan na ƙarshe. Ta ce in bindiga ta fara aiki ba a nan ake tsayawa ba, ana ƙara mata kaɗan saboda ranar sanyi da ranar datti. Ta ce masu son a yaba musu laushi ne ke manta wannan.

Kunya ta rufe Wendell, kunnuwansa suka yi ja. Mutumin da ya ce Halvorsen ne malaminsa, tsohuwa mai filas ta gyara masa aiki cikin daƙiƙa biyar! Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Abin da ya fito shi ne roƙo: garin ƙarami ne, don Allah kada maganar ta kai kunnen Halvorsen, yau zai nuna masa bindigar a matsayin aikin hannunsa.

Ta ce ita ba za ta kai wa kowa ba. Ta ɗauki filas ɗinta ta shiga tsohuwar motarta.

Ƙarfe biyu daidai yana shagon, riga a goge, bindiga a jaka, yana maimaita a ransa yadda zai ce ya bar mata ƙari biyu saboda sanyi. Wani ma'aikaci ya nuna masa ƙofa mai ɗauke da suna Ruth Jean Halvorsen. Bai gama karantawa ba ƙofar ta buɗe, ga koren filas a kan tebur.

"Shigo, shigo," in ji tsohuwar, "abokina na shekara goma."