Sau Goma Sha Biyar

Yaya, ya sha! Wallahi ya sha har ya yi gyatsa!

Kin san nonona ya ƙafe, madarar gwangwani kuwa amai yake yi da ita. Kwana uku yaron nan yana ramewa a hannuna. To, ɗalibar nan 'yar Senegal da ta zo Beirut karatun ungozoma, mai haya a samanmu, ta fita ta dawo da wata mai jego. Daga tsallaken titi fa! Unguwar 'yan Shi'a, inda rabonmu da takawa tun shekarar harbe-harbe.

Na ce wa ɗalibar, "Kin haye iyaka?"

Ta ce, "Ni titi kawai na gani."

Uwar mijina ta tare ƙofa. Mai jegon ta ce, "Hajiya, matsa, rigata na jiƙewa. Kya zage ni daga baya."

Da la'asar aka tambayo malamai. Namu na Sunni ya ce shayarwa biyar ke mai da shi ɗan mai jegon. Nasu ya ce sai goma sha biyar.

Uwar mijina ta miƙa wa mai jegon kofin gahawa, ta ce, "A cika nasu ɗin. Kada gobe su ce jikana ba nasu ba ne."