Gwazan da Bai Ji Ƙishi Ba

"Tsaya nan, kada ki motsa," Zahra'u ta ce wa ɗiyarta Sadiya, tana gyara waya za ta ɗauke ta hoto a gindin gwazan adonta.

Sati uku suka yi a Kano, gidansu na Ƙofar Dundaye a kulle, ga zafin bazara. Duk furannin da ta shuka sun ƙone ƙurmus. Gwazan nan kaɗai, sabon iri mai ɗigon fari da ja a ganye, ya yi fes a kusurwar tsakar gida, har ya fi yarinyar tsawo.

Sallama ta ji. Baffa Hadi ne, ƙanin surukinta, manomin fadama daga Kwalkwalawa. A gidan nan aka haife shi. Bai ko amsa gaisuwarta ba, ya kafa wa ganyen ido.

"Wa ka ba shi ruwa?"

"Ba kowa, Baffa. Ikon Allah!"

"Gwaza bai kwana uku babu ruwa."

Ya dubi katanga, ya dubi ƙofar zaure, yana awo da ido. Sai ya nuna gindin gwazan da sandarsa.

"Zahra'u," ya ce ƙasa-ƙasa, "tsohuwar rijiyarmu nan take. Da itace munka rufe ta, shekara arba'in ke nan. Kira ɗiyan nan a hankali. A hankali."

Kafin ta buɗe baki, Sadiya ta leƙo daga cikin ganye, ta hango shi.

"Kaka!"

Ta daka tsalle.