Cinikin Hoton Shaho

Kwana huɗu ke nan wata dattijuwa tana zarya zuwa shagon mai firam, mai sa wa hotuna katako da gilashi, kullum a kan hoto ɗaya. Shaho ne a bakin sheƙarsa, ya waiwayo, idonsa guda a buɗe tar yana sheƙi. An rataye shi sama da teburin yankan gilashi, kuma duk inda ta tsaya a shagon sai ta ga ita yake kallo.

Cikin kayan mijinta aka fito da shi. Shekara talatin marigayin ya yi yana bin tsuntsaye masu farauta da kyamara, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Shaho yake ce masa. Tana cikin takaba ƙannensa suka tattara hotunan a kwali uku suka sayar wa mai firam. Fina-finan kyamarar da ake wanko hotunan daga cikinsu kaɗai ba su samu ba, don ta riga ta cusa su a murhu.

Ita mace ce da ko allura za ta saya sai mai ita ya yi gumi. Ranar farko ta taɓe baki, ta ce tsuntsun muni ne da shi, kuɗin katakon kawai za ta biya. Mai firam ya yi dariya, ya ce ta makara. Masu gidan nunin hotuna za su yi taron tunawa da marigayi, kuma wannan suka zaɓa. Za a faɗaɗa shi ya kai tsayin bango, a kafa a bakin ƙofa, sunan Mai Shaho a ƙasa.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata. Idan tana shanya inuwar tsuntsu ta gifta tsakar gida, sai ta ji kamar an kira sunanta. In dai aka faɗaɗa hoton nan, sunan da mijinta ya bari ya zube, kuma jibi za a zo ɗauka.

Yau ba ta tsaya kushe ba. Ta ninka tayin jiya.

"Inna, albarka," in ji mai firam, yana goge gilashi. "Ke da kika ce tsuntsun kamar an tsamo shi daga miya?"

"Ɗan nan, na girmi uwarka. Faɗi kuɗinka."

"Ai ba a samun irinsa. Dubi hasken safiyar nan."

"La'asar ce," ta ce. "Kalli inda inuwar bakinsa ta faɗi. Kwana tara ana kwance cikin ƙaya kafin ya yarda ya waiwayo."

Ya ajiye tsumman. "Kina wurin ke nan?"

"To wa zai riƙe masa jaka?"

Wannan kowa ya sani. Shekaru goma sha biyu na ƙarshe, marigayin bai ƙara shiga daji shi kaɗai ba. Sai a gan su sun fito, shi da baƙin tabarau saboda rana, hannunsa a kafaɗarta, ita da jaka a gaba. Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai tsufa ya zo amarci bai tafi ba. A shekarun nan ne hotunansa suka fi yin suna.

Ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta ɗora kyamarar a teburi. Ita kaɗai ta ɓoye wa dangin miji. Ta hura gilashin gaban, ta goge da bakin mayafi, ta murɗa shi ya fito ya koma, ta danna ya ji ƙarar.

"Lafiyarta lau. Ta fi hoton nan daraja sau goma. Ɗauki, ba ni tsuntsuna."

Mai firam bai kalli kyamarar ba. Hannunta yake kallo, da tsohon tabon farcen shaho, layi uku, da ya ratsa bayansa. Sai ya shiga ɗakin ciki ya fito da wata doguwar takarda a naɗe, ta fi shi tsawo.

"Shekaranjiya na kai aka yi gwaji," ya ce. "Ni kaɗai na buɗe. Na gaya wa masu taron bai fito da kyau ba, su zaɓi wani."

Ya sauko da ƙaramin daga bango, ya haɗa mata duka biyun, ya tura mata kyamarar.

"Nawa?" ta ce, don ba ta saba karɓar kyauta ba.

"Inna, je ki gida. Amma da ni ne, ba zan ƙona ba."

Ba ta gode masa ba. Ta saɓa naɗin a kafaɗa kamar tabarma, mutane na kauce mata a hanya.

A tsakar gida ta hura wuta. Ƙaramin ta fara jefawa, ya nannaɗe ya yi baƙi. Ta ɗauko babban, sai hannunta ya tsaya. Shekara da shekaru tana ganin wani ɗigo a idon tsuntsun, kamar ƙwayar gero, ba ta taɓa ganinsa da girma ba. Ta shimfiɗa takardar a ƙasa, ta danne gefunan da duwatsu.

Idon shahon ya kai faranti, kuma duk abin da ke gabansa ranar nan yana ciki kamar a madubi: mace durƙushe cikin ƙaya, kyamara manne a fuskarta, a bayanta kuma namiji zaune rungume da jaka, ya cire tabarau, makafin idanunsa, farare fat, na fuskantar inda babu tsuntsu.