Inuwar Fankar Lantarki

Da la'asar inuwar ta tsaya cak a bangon ɗakina. Har na miƙe zan ɗora ruwan wanka, sannan na tuna babu mai yin wankan.

Tun da aka kafa dogayen fankokin samar da lantarki da iska a bayan gari, inuwar fukafukan ɗaya take share mini bango kullum. Maigidana ne makanikinta. Yakan ce, "Iska ta tura fiffike, fiffike ya murɗa sanda, sanda ta juya janareta, wuta ta bi waya ta shiga babban layi. Ke kuma ki samu ta ƙona mini riga da dutsen guga."

Ba ya taɓa injin sai ya ja birki ya sa sakata da hannunsa, can sama. In ya gama, sai ya saki fukafukan su zaga sau ɗaya ya sake tsayar da su, wato ga ni nan saukowa.

Bara igiya ta tsinke da shi, ya rasu.

Na kira abokin aikinsa. "Wa ya hau yau?"

"Ba kowa, matar yaya. Ga mu tsaye a gindinta. Iska kamar ta ɗauke mutum, ƙofa a garƙame, makulli yana aljihuna."

"To wa ya tsayar da ita?"

Ya kashe wayar.

Sai inuwar ta motsa. Fukafukai ukun suka share bangon ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya.

Na ɗora ruwan.