Robobi Uku na Miyar Inna

Kwana uku ke nan da wuta ta ɗauke a unguwarsu a Madawa, kuma da safen nan Mardiyya ta ga ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin firigo. Ta durƙusa ta buɗe wajen ƙanƙara. Robobi uku suka rage, kowace da kwanan wata a murfinta. Ta danna ta sama da yatsa, ta ji ta fara laushi.

Miyar Inna ce, ta yakuwa da gyaɗa, mai ƙamshin gabun albasa da daudawar batso. Wata huɗu da rasuwar mahaifiyarta, Inna Adawiyya, kuma waɗannan ukun su ne abin da ya rage a duniya na girkinta.

Tun da aka turo Mardiyya koyarwa a Madawa, abincin rana ya gagare ta. Tana tashi daga makaranta rana tsaka, ga yara biyu da yunwa. Da wanta Nuhu ya aiko wa iyayensu firigo mai aiki da hasken rana daga Abijan, sai miya ta fara zuwa mata daga garinsu Galma duk Alhamis, daskararriya kamar dutse. Ta ɗora a wuta, ta dafa shinkafa, kafin yara su tuɓe kayan makaranta an gama.

Mahaifinta, Malam Kalla, shi ke kawowa a kula, ɗaure a bayan moto, wato babur. Ba ya zama. Ya ajiye, ya sha ruwa, ya juya. Rubutun da ke kan murfin ma nasa ne, don Inna ba ta yi boko ba. Mardiyya takan ce a ranta, to, ko banza ya yi wani abu.

Don gaskiya tana jin haushinsa. Shekaru ke nan hannun Inna yana rawa, har kofin shayi sai ta kama da hannu biyu, amma miya ba ta taɓa fashi ba. Maƙwabta sun ce duk Laraba ƙofar gidan a rufe take tun hantsi, wai Inna ba ta son a leƙa mata tukunya. Mardiyya takan hango ta ita kaɗai cikin hayaƙi tana fama, shi kuwa Malam yana inuwa da carbi. Mutumin da ko moto bai iya hawa ba sai ya ƙone yatsu, kullum da sabon tabo, kullum ƙarfen moto ne ya taɓa shi. Da ta ce a samo wa Inna mai taya ta aiki, shi ne ya hana, kai tsaye.

Ko a zaman makoki ba ta ga hawayensa ba. Tun sadakar arba'in ba ta sake taka Galma ba.

Ranar farko da wutar ta tafi, ta ce yanzu za ta dawo. Rana ta biyu ta zagaya gari har tasha, ta samo ƙanƙara leda biyu, ta jera a kan robobin, ta lulluɓe firigon da bargo. Yau ko wajen masu sayar da ruwan sanyi babu. Zafi kuwa ya buɗe tun kafin ƙarfe tara.

Dole ta kira mahaifinta.

"Baba, kuran ya ƙi dawowa, har yau ba wuta. Miyar Inna za ta lalace. Ka taho ka kai ta firigon gida."

Ya ce, "Miya ce hwa, Mardiyya."

Ta kashe wayar cikin baƙin ciki. Ta tafi makaranta saboda jarrabawar yara, amma hankalinta yana gida. Sau biyu ta rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo.

Sai bayan la'asar ta ji ƙarar motonsa, wai taya ce ta fashe masa a hanya. Kafin nan an gama. Murafen sun kumbura, miyar ta yi kumfa, tsami ya cika ɗakin girki. Ya tarar da ita zaune a ƙasa da roba ɗaya a cinya, tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Malam Kalla ya karɓi robar, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Ta tahi. A zubar."

"A zubar!" Mardiyya ta miƙe. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. "Kai mi ya dame ka, Baba? Ka san wahalar da ta sha a kan wagga miya? Da hannunta mai rawa? Kai dai ka ɗauko ka kawo. Yanzu ba ni da komi nata, kuma ba zan ƙara jin ɗanɗanon nan ba har in mutu!"

Ya daɗe yana kallon rubutun da ke kan murfin, idanunsa suka kaɗa. Sai ya cire hularsa ya rataya a ƙusa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ya duba kwandon cefane, ya tsinci yakuwa, ya ware gabu, ya jawo turmi da ƙafa kamar wanda ya saba.

Mardiyya ta tsaya baki buɗe.

"Tahi ki rufe ƙofar gida, kada maƙwabta su gani," in ji shi, yana hura gawayi. "Shekara huɗu uwarki ba ta iya riƙon ludayi ba, kuma ta roƙe ni kada kowa shi sani."