Gyaran Siddo Na Uku

Ruwa na ta tsiyaya daga injin motar kumandan a bakin kasuwar Gaya, jama'a sun tsaya nesa suna kallo. A zamanin ba a ganin mota sai in Annasara ya taso rangadi daga Doso.

Shofer ɗin da ke tuƙa motar, wani dogo mai suna Yakuba, ya buɗe murfi ya duba. Bulon, ƙusar nan mai haƙora da ke riƙe bakin bututun ruwa a jikin kulas, wato hular ƙarfen da ke saman injin, ya sake. Haƙoran ramin da yake shiga sun cinye sarai. Ko ka wuni kana murɗa shi ba zai kama ba.

Kumandan ya ce a nemo maƙeri. Gardi biyu, masu tsaron kumandan, suka je suka taho da Siddo daga maƙerar da ya gada wurin ubansa, hannunsa duk gawayi.

Yakuba ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu. Ya ce, "Wannan? Bawan Allah, koma ka ƙera laujenka. Ce wa Annasara ba ka iya ba, ka huta."

Ba a taɓa gaya wa Siddo irin wannan magana ba. Mutumin da manoma ke tasowa tun daga Yelu da Zabori don garmarsa! Zuciya ta ɗebe shi, ya rantse a gaban jama'a: in bai tsayar da ruwan nan ba, zai kashe wutar maƙerar ubansa ya bar Gaya.

Ya naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin bulon, ya murɗa da hannu, ya kama. Yakuba ya ɗauko kile, ƙarfen ɗaure bulon, ya ce ɗaurewa aikin shofer ne. Ya sunkuya, ya ba jama'a baya. Sai aka ji ƙas. Ya zaro bulon da wayar a tsinke, ya jefa a ƙafar Siddo, sa'an nan ya juya wajen kumandan yana Faransanci, yana nuna Siddo, yana girgiza kai.

Washegari aka kwance kulas aka kai maƙera. Yakuba ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya kewaye uwar maƙera, ya zauna gefen da hayaƙi ba ya bi, ya buɗe baki.

"Wannan gawayi ne ko toka? Ko na itacen ƙirya ba ka da shi, kana kiran kanka maƙeri."

Siddo ya haɗiye fushinsa. Ya narka tagulla ya zuba a ramin, ya dasa bulon a ciki kafin ta huce. Aka mayar da kulas jikin mota. Yakuba ya kama kile. Ƙas!

Nan fa gari ya samu abin taɗi. Mata a bakin kogi suka mayar da abin waƙa. Salamatu, matar Siddo, ta roƙe shi ya yi kaffarar rantsuwarsa ya rabu da ƙarfen Annasara, ya daka mata tsawa. Bai taɓa ƙin mutum ba kamar yadda ya ƙi shofer ɗin nan. Ko sunansa ya ji sai abinci ya fita ransa.

Da ya zauna ya duba ramin, sai ya ga tagullar ba ta gaza don kanta ba, tsinka ta aka yi da ƙarfi. Ya ce a ransa: ashe shofer ɗin nan jaki ne, bai san inda ake tsayar da hannu ba.

Rana ta uku ya samo tsohon bulon mai kauri a akwatin motar. Ya yanka masa tsagi uku da zarto, ya gasa shi har ya yi ja, ya tsoma a ruwa ya yi tauri. Ya shafa masa man shanu, ya riƙa murɗa shi cikin ramin, gaba kaɗan, baya kaɗan, yana hure garin ƙarfe, har ya yanka sababbin haƙora. Ya ƙera wani bulon daidai da su.

Yakuba ya miƙo hannu zai ɗauki kile. Siddo ya ɗaga guduma.

"Taɓa shi, in farfasa maka yatsu."

Yakuba ya ce, "Kai wawa ne, Siddo. Wallahi wawa ne!"

Suka cakumi juna, sai da gardi suka shiga tsakani. Kumandan, wanda tun farko yake tsaye da lofe a baki yana kallon hannun Siddo, ya ce a bar maƙeri ya ɗaure.

Siddo ya ɗaure a hankali, ya tsaya inda ƙarfen ya ce ya isa. Aka cika ruwa, aka wana injin, ya tashi. Ko ɗigo. Mata suka rangaɗa guɗa.

Siddo ya dubi Yakuba ido cikin ido ya ce, "Ina mai cewa babu maƙeri a Gaya?" Yakuba ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa.

Kumandan ya dafa kafaɗar Siddo, ya yi rubutu a ɗan littafinsa, ya yi wa gardi magana. Ɗaya ya ruga maƙera ya kwaso guduma da awartaki. Ɗayan ya kama hannun Siddo.

"Kumandan ya ce irin hannunka ake nema a garajin Yamai. Hau."

Siddo ya ce yana da iyali, wutarsa ma a kunne take. Aka ɗaga shi aka jefa bayan mota. Can ya hango Salamatu ta taho a guje, ko ɗankwali babu.

Yakuba ya zagayo don ya rufe ƙofar baya. Bai ɗaga kai ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana sa sakata.

"Sau biyu na tsinka aikinka da gangan, na gaya masa ba ka iya komai ba, ka ƙi ji. Ni ma ɗan maƙera ne. Ranar da na gyara musu mota a ƙofar gidan ubana, rabona da garinmu ke nan, yau shekara tara."