Manhajar da Ba Ta Ga Wata Ba

Raihana ta fito zaure, ko tabarma ba ta shimfiɗa wa Nu'uman ba.

"Baba ya ce ka turo manyanka kafin Rajab ya ƙare. Yau ɗaya ga Sha'aban."

Ya miƙo mata waya. Shekara biyu yana rubuta manhajar da ke nuna wa kowace ƙasa kwanan wata bisa kalandarta. "Duba, talatin ga Rajab."

Ba ta duba ba.

"Jiya aka ga wata a Daura. Kai lissafi ka bi, Zakiyyu abokin takararka kuwa sama ya kalla. Da hantsi manyansa suka zo, na kuma amince."

"Kwana ɗaya fa, Raihana."

Ta ja mayafinta. "Je ka gyara manhajar taka, Malam, kada ka makara ɗaurin aurena."